Gida Takwas na Shiru

Ni ne mai babbar ganga a badujalar hukumar garinmu, kuma mai ganga a baya yake zama, don haka ba abin da na sani a duniya kamar ƙeyar mutane. Ƙeya biyu na fi sabawa da su, ta Kumatu da ta Tabarau, masu busa ƙahon tagulla irin mai maɓalli uku ɗin nan. Tun ina da baƙin gashi suke zaune kafaɗa da kafaɗa a gabana, Tabarau a dama, Kumatu a hagu.

Tabarau ya iya karatun takardar kiɗa kamar yadda wani ke karanta jarida. Kumatu kuwa ko ɗigo bai sani ba. Yakan ɗora takardar a kan ƙarfen da ke gabansa kamar kowa, ya haɗe gira, in Tabarau ya juya shafi shi ma ya juya. Akwai ranar da muka yi wasa gaban manyan baƙi da takardarsa a kife, kai a ƙasa, bai ko lura ba. Kowa ya san wannan, ba wanda ya damu, domin in Kumatu ya cika kumatun nan nasa ya saki sauti, har ni da ke dukan fata sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Abubuwa biyu suka faɗo mana a shekara ɗaya. Tabarau ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin da muke gwajin kiɗa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Sannan tsohon shugabanmu ya yi ritaya, aka kawo mana wani matashi daga makarantar kiɗa, muka sa masa suna Mai Sanda. Ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugu ne da na samu wanda zan zaga in huce. Ya zo da sabbin takardu cike da jaka, kiɗan da ba mu taɓa ji ba, ya ce cikin ladabi a ƙarshen zango za a gwada kowa. Wanda bai iya karatu ba zai mayar da ƙaho da rigar aiki.

Kumatu ba shi da komai sai waɗannan biyun. Matarsa ta rasu, 'ya'yan sun yi nisa, ɗaki ɗaya yake haya a bayan shagon wani mai gyaran fanka. Rigar nan ja mai maɓallan ƙarfe tana rataye a ƙusa cikin leda, ita ce kaɗai abin da ke da guga a ɗakin.

"Ganga, kai za ka koya mini," in ji shi.

"Ni? Ni ƙirga kawai na sani. Takardata layi ɗaya ce, bum ko shiru. Taka layi biyar ce, ga ɗigo sun hau sun sauka. Mu je wurin abokinka."

Haka muka fara sintiri gidan Tabarau duk yamma bayan an tashi. Gadonsa na jikin taga, ɗakin na warin man zafi, kwalaben magani jere a kan rediyon da ya daina aiki. Matarsa tana falo da keken ɗinkinta, in ta ji mu sai ta ce, "Ga 'yan makaranta nan, a shigo." Bakin Tabarau ya karkace, magana sai ya yi ta kokawa kafin kalma ɗaya ta fito, amma idonsa da hannun hagu suna nan daram. Da bakin cokali yake nuna ɗigon.

Ban taɓa ganin dattijo ya sha wuya irin wadda Kumatu ya sha ba. Ya kawo takardar dab da hanci, ya mayar da ita nesa, ya ce, "Wai wa ya fara wannan aikin? Kashin ƙuda a kan waya, a ce shi ne kiɗa?" Sunayen da aka ba ɗigon sun ƙi zama a kansa, sai ya raɗa musu nasa. Wanda cikinsa fari shi ne Mayunwaci, baƙin shi ne Ƙosasshe, biyun da aka haɗe da sanda a sama su ne Tagwaye. In ya yi kuskure Tabarau ya ƙwala masa cokali a gwiwa, shi kuma ya ce, "Ka ga mutum, rabinsa ya tafi amma mugunta na nan cif." Tabarau ya yi dariya da rabin baki har yawu ya zubo, Kumatu ya sa hannun rigarsa ya goge masa ba tare da ya daina kallon takardar ba.

Wallahi ya koya. A hankali, kamar mai hawan bene da buhu a ka, amma ya koya. Ya kai ga yana ganin ɗigo a kan layi na biyu yatsunsa su san maɓallin da za su danna.

Sai muka iso wurin shirun.

Takardar kiɗa an yanka ta gida-gida da layukan tsaye, kowane gida bugu huɗu. A kiɗan da Mai Sanda ya zaɓa don gwajin, akwai wurin da aka ja wata baƙar sanda a kwance, aka rubuta takwas a kanta. Ma'ana mai ƙaho ya yi shiru gida takwas, ganga kaɗai ke tafiya can ƙasa-ƙasa, yana ƙirgawa a ransa, a bugun farko na gida na tara ya shigo shi kaɗai. Ba wanda zai ɓuya a bayansa.

A ɗakin Tabarau, ina buga masa bugun a jikin ƙarfen gado, Kumatu bai taɓa kuskure ba. Daidai wurin yake faɗowa, tsaf. Amma da safe a ɗakin gwaji, ko ya riga, ko ya makara, ko ya tsaya da ƙaho a baki yana zare ido. Ya ce hayaniyar mutane ce. Ya ce fankar sama ce. Ni ma na so in yarda.

Wata yamma matar Tabarau ta fita, keken ɗinki ya yi shiru, sai na ji abin. Ina cikin bugun ƙarshe na gida na takwas, Tabarau ya ja numfashi ta hanci, da wani ɗan siririn fito a ciki, irin na wanda hancinsa ya taɓa karyewa. Nan take ƙahon Kumatu ya tashi. Na sake bugawa daga farko, na kasa kunne. Fiton nan ya zo, ƙaho ya biyo. Na dakatar da bugun.

"Kumatu, ba ƙirgawa kake ba."

"Kamar yaya? Ba ka ga bakina na motsi ba?"

"Bakinka na motsi, amma numfashin mutumin nan kake jira. Yana ja, kana shiga."

"Kai dai Ganga baƙin ciki ya yi maka yawa."

"To mu gwada. Tabarau, don Allah wannan karon riƙe numfashinka."

Tabarau ya gyaɗa kai. Na buga. Ya dage, ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma da aka zo wurin ƙirjinsa ya ɗaga da kansa, fiton ya fita. Mutumin da ba zai sake busa ƙaho ba har abada, jikinsa bai samu labari ba. Ya juya fuska bango, kafaɗarsa mai rai tana rawa. Ban san inda zan sa idona ba.

Muka fitar da Kumatu bakin ƙofa, muka rufe, na ɗaga bugun don ya ji. Gida takwas suka wuce, na tara ya wuce, na goma ya wuce. Da na buɗe ƙofar yana tsaye da ƙaho a leɓe, kumatun cike da iska, yana kallona kamar yaron da aka manta a tasha.

"Ashe duk shekarun nan..." Bai ƙarasa ba.

Sauran kwanakin a ɗakinsa muka yi su, mu biyu. Ya ƙirga da yatsu, ya ƙirga da ƙafa, ya ƙirga da ƙarfi har mai gyaran fanka ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ƙirgan na fita daidai. Shigar ce ta ƙi. Na yi masa faɗa, na lallashe shi, na ce masa tsohon banza, ya ce mini na gode. Ranar ƙarshe na yanke shawara a raina ban faɗa masa ba. Ina zaune a bayansa, na san wurin sarai, hanci kuma ina da shi.

Da safe aka yi gwajin, kowa cikin jar riga. A kujerar Tabarau an sa wani sabon ɗauka mai busa tsaf-tsaf kamar agogo, amma Mai Sanda ya ce ya ajiye ƙahonsa, layin Kumatu ne. Ya ɗaga sanda. Farkon kiɗan Kumatu ya bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya, Mayunwaci da Ƙosasshe da Tagwaye, ba tuntuɓe ko ɗaya, har na ga Mai Sanda ya ɗaga gira. Sai shirun ya zo. Ganga kaɗai. Ina ganin ƙafar Kumatu tana taka ƙirgan daidai. A bugun ƙarshe na gida na takwas na sunkuyo, na ja iska ta hanci da duk ƙarfina, har mai sarewar da ke gefe ya waigo.

Ƙeyar Kumatu ba ta motsa ba.

Mai Sanda ya sauke hannu. "Baba, ba komai. Mu sake daga wurin shirun."

Muka sake. Na sake ja, har ƙirjina ya yi zafi. Babu abin da ya fito sai bugun gangata, bum, bum, a ɗaki cike da mutane da kowa ya sunkuyar da kai. Na tsani gangar nan a lokacin.

Kumatu bai jira a faɗa masa ba. Ya cire bakin ƙahon, ya zubar da ruwan ciki, ya goge shi da ƙyallen da yake gogewa kullum, ya kwantar a akwati. Ya ɓalle maɓallan rigar, ya ninke ta a kan kujera. Mai Sanda ya fara cewa wani abu game da ƙa'ida da yadda shi ma ba haka ya so ba. Kumatu ya ce, "Na sani, ɗana," ya fita da 'yar shara.

Na same shi a bakin titi, wajen da ake jiran bas.

"Ba ka ji ni ba ne?" na ce. "Saura kaɗan in haɗiye hancina."

"Na ji ka, Ganga. Har na san wurin ne, na ƙirga."

"To me ya hana ka?"

"Ba numfashin Tabarau ba ne."

Bas ta zo, muka hau, ba wanda ya ce ina za mu. Matar Tabarau ta buɗe ƙofa, ta kalli hannun Kumatu babu akwati, ta kalli 'yar sharar, ba ta ce ga 'yan makaranta ba. Ta koma gefe muka wuce.

Ta riga ta tayar da mijinta zaune, ta sa masa tabaransa, ta jingina shi da filo biyu, cokalin na hannunsa tun safe. Kumatu ya zauna a bakin gado ta hagunsa, inda ya saba. Tabarau ya dube shi, ya tattara bakin nan nasa zai tambaya yadda aka yi, ya ja numfashi ta hanci, siririn fiton ya fita.

Hannun Kumatu ya tashi zuwa bakinsa, yatsu uku a lanƙwashe, kumatun suka cika. Babu komai a hannun.