Hasken da Ya Ishi Shagon Baba

Da likita ya gaya wa Baba cewa rawar hannunsa ba za ta daina ba, sai dai a rage ta da magani, ya yanke shawarar miƙa shagon askinsa ga babban ɗansa. Abu ɗaya ya nema kafin ya ba da makulli: a ɗauke shi hoto cikin shagon, almakashi a hannu. Aikin ya faɗo kan Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda sana'arta ke nan, bin mutane gidajensu da ofisoshinsu tana ɗaukarsu hoto.

A lokacin kuwa tana cikin shakkar wace fitilar filasha za ta saya, irin wadda ake kafawa kan sanda ta walƙa idan an danna kyamara. Mai sayar da kayan hoto ya nuna mata biyu: babba mai ƙarfin wat ɗari shida, da ƙarama mai ɗari biyu wadda ke shiga jakar rataye. Da ya gaji da zaryarta, ya ce ta kwashe su duka ta gwada, ta maido masa wadda ba ta so.

Yayan nata tuni ya zaɓar mata babbar. Shi a wurinsa komai gara ya yi yawa. Shi ne ya cusa fanka uku a shagon da bai fi ɗakin girki ba.

Ranar ɗaukar hoton, da hantsi suka rufe ƙofar shagon. Baba ya sa farar rigarsa ta aiki, ya tsaya bayan kujerar askin da fatarta ta tsattsage a wurin ɗora hannu. Auta ta fara da hasken taga kawai, don ta ga yadda ɗakin yake. Fuskar ta fito da kyau, amma hasken bai isa ba, hannun da almakashin suka zama hazo. Baba ya leƙa bayan kyamarar, ya daɗe yana kallo. Ya dai sa hannun a aljihu.

Yaya ya ce ai ga amfanin babbar nan, ya kafa ta da kansa. Auta na dannawa shagon ya ɗauki haske, madubin gaba ya jefa wa na baya, na baya ya maido. Duk suka runtse ido. Telan da ke maƙwabtaka da su ya ƙwanƙwasa yana tambaya ko waya ce ta kama. A hoton, riga da bango sun haɗe, goshin Baba na sheƙi kamar an shafa masa mai.

Ta rage ƙarfin zuwa rabi, ta sake ragewa, har ta kai maɓallin ƙarshensa. Duk da haka hasken ya fi ƙarfin ɗakin. Ta so ta ja fitilar baya, amma sandar ta riga ta jingina da ƙofa. Yaya ya ba da shawarar a fita da ita bakin titi a haska ta taga, Baba ya ce kada ya tara masa jama'a.

Sai ta ɗauko ƙaramar. Ta lulluɓe madubin baya da tawul biyu, ta buɗe farar laima a gaban fitilar don hasken ya yi taushi, ta saita ta ƙasa da rabin ƙarfinta. Tana aikin tana yi wa Yaya bayani cewa irin wannan fitila, idan aka rage ta, walƙiyarta gajeruwa take yi, har ta riga motsi sauri. Yaya ya ce shi dai bai taɓa jin inda ragi ya zama ƙari ba.

"Baba, fito da hannun," in ji ta.

"Ba zai tsaya miki ba, Auta."

"Kar ka tsayar da shi. Ni kawai za ka kalla."

Ya kalle ta. Fitilar ta yi wal, ko ƙiftawa bai yi ba. Ta ɗauki wasu hotunan, ta ɗan ƙara haske kaɗan saboda gefen fuskarsa ya yi duhu, sannan ta miƙa masa kyamarar. Kowane yatsa ya fito sarai, har kantar da zoben almakashi ya bari a babban yatsansa. Ya sa tabarau, ya ce a matso masa da hannun a cikin hoton. Ta matso.

"Haka yake a da," ya ce a hankali. Daga nan ya koma ƙorafin cewa babu wanda ya gaya masa wuyan rigarsa ya karkace, dole aka sake.

Auta ta mayar da babbar cikin akwatinta, ta kira mai kayan ta ce ƙaramar za ta riƙe. Ta ce ranar da aka kira ta aiki a babban zaure za ta zo ta yi hayar ɗayar. Tana naɗe laima wani dattijo ya turo ƙofa, tsohon mai zuwa aski ne, ya zauna kan kujera ya cire hula. Baba ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya tambaye shi iyali, ya gaya wa Yaya kada ya taɓa gefen kunnen hagu da inji, akwai tabo a wurin. Sannan ya koma kan bencin jira ya zauna, yana kallon aikin.