Kukumar Jibirin da Hoton Baturke

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ga tsadar rayuwa, 'yan kwamitin unguwa suka yi wa Jibirin mai kukuma sallama a Getso.

"Baba, fasa kukumar nan za ka yi," in ji shugabansu Faruk. "Kayan Maguzawa ne."

Jibirin ya ɗauko hoton wani Baturke da ya taɓa haƙa rijiyar burtsatse a Kabo, rungume da abin kiɗan ƙasarsu: ƙwarya, fata da izgar doki.

"Sahu ɗaya muka yi azahar da shi, muka yi kiɗa har la'asar. Shi ma Bamaguje ne?"

Faruk ya ƙura wa hoton ido.

Jibirin ya goga wa izgar kukumarsa ƙaro. "Ku matsa, kun tare mini haske."