Kallabin Atika

Mutanen Lambara cewa suke Maniru ne ya rasu. Asabe kuwa, babbar yayar gidan, ta san ƙanwarta ce ta tafi.

Gaskiya ne, namiji aka haifa, Maniru aka raɗa ranar suna. Amma tun tasowa ba abin da ke ransa sai daka da kitso da zaman tsakar gida cikin mata. An yi duka, an yi rubutun sha, an tura gonar albasa da ƙarfin tsiya, duk a banza. Da girma ya zo sai ta tattara ta koma Bodinga, ta kafa tandar masa a bakin tasha, ta ce sunanta Atika. Masu zaginta da yamma su ne masu layin masarta da safe. Mutane ke nan!

Ita kanta Asabe ta daɗe kafin bakinta ya saba da sunan. Ƙanensu Malam Sulaiman kuwa, mai makarantar allo a Shagari, bai taɓa furta shi ba. Ko gaisuwar Sallah ya yanke.

Da ciwo ya ci ƙarfin Atika, Asabe ta ɗauko ta zuwa gida tana jinya. Wani hantsi tana ba ta kunu, sai Atika ta riƙe mata hannu.

"Yaya, na san maza za su yi min wanka, ban ja ba. Amma don Allah kar a naɗa min rawani. Kallabi nika so, irin wanda anka sa ma Inna."

A likkafani namiji akan yi masa rawani, mace kuma a rufe mata kai da kallabi. Asabe ta ce to, amma hankalinta ya tashi. Ta ɗauki alkawarin da ba hannunta zai cika ba. Ba za a bar ta ta shiga wurin wankan ba, kuma wa zai yi shi in ba Sulaiman ba?

Ranar rasuwar ya iso bisa babur, fuska a murtuke. Ana yanka farin yadi Asabe ta yanki nata ƙyallen, ta tare shi a bakin zanar da aka kewaye don wanka.

"Malam, ga wasiyya. Kallabi ta ce."

"Haba Yaya! Mi kike so mutane su ce?"

"Mutanen ne za su kwanta ramin? Ni dai na isar."

Ya karɓa ya shige.

Asabe ta zauna jikin danga tana jin zubar ruwan buta. Haushinsa ya turnuƙe ta, tausayin ƙanwarta kuma ya fi haushin. Atikar nan ce ke goya Sulaiman yana jariri, ita ke tauna masa gyaɗa ta ba shi. Asabe ta rufe fuska da mayafi ta yi ta kuka.

Can sai zana ta motsa. Sulaiman ya fito, hannun riga a naɗe, idanu jawur, ƙyallen a cukuikuye a hannunsa. Asabe ta ce a ranta: Shi ke nan, ya dawo da shi.

"Yaya," ya ce, "na ɗaura ya kwance, na sake ya zame. Ban iya ba. Gwada min yadda Atika ka ɗaura nata."

Asabe ta share hawaye, ta ture mayafi, ta aza ƙyallen bisa kanta. A hankali ta kewayo shi, ta ƙulle wajen kunnen hagu, ta bar 'yar jela yadda marigayiyar ke so. Malam guda ya tsaya yana bin yatsunta da ido kamar ɗalibi a gaban allo.

Ta kwance ta miƙa masa. Bai karɓa ba.

"Sake min, Yaya. Ba ni so ya kwance mata bisa hanya."