Hayar Ƙwayar Masoro

Yaran yanzu a nan Cornwall suna cewa "hayar masoro" in ana nufin hayar da ba ta taka kara ta karya ba. Ba su san a zauren cin abinci maganar ta samu gindin zama a garinmu ba, ni kuwa ina wurin.

Tsohon mai ƙasarmu, Trevail, ya so ya bar wa Tamsin Hockin gidan bakin rafi, don mijinta ya mutu a ramin kuzarsa. Lauya ya ce kyauta magada na iya ƙwacewa, haya kuwa ba ta tashi muddin ana biya. Sai aka yanka mata ƙwayar masoro ɗaya duk shekara, ranar biyan haya, kafin faɗuwar rana.

Da tsohon ya rasu, ɗansa Piers ya gaji ƙasar, bai gaji halin ba. Rafin yake so ya kafa injin niƙa. Masoro a lokacin sai gidan masu hali, shi kuwa ya tare mai tallansa a hanya ya saye kaf, don Tamsin ta kasa biya ya kore ta. Tamsin ta bi gida-gida har gidana, ko ƙwaya babu. Na ji takaici ƙwarai.

Al'ada ce ranar haya mai ƙasa ya ciyar da 'yan hayarsa. Don cin fuska, Piers ya sa aka zuba ƙwayoyin masoro ba a daka ba a romon agwagwa, mu ga arziki.

"Iya Tamsin, ci ki ƙoshi," in ji shi. "Gobe a gindin bishiya za a karya kumallo."

"Ranka ya daɗe, abin da ke kwanon nan nawa ne?"

"Naki ne mana. Kwanon dai ki bar min."

"Har romon?"

"Har romon, tsohuwa! Gidan Trevail bai taɓa ƙwace lomar baƙo ba. Jama'a, ku shaida."

"Mun shaida," in ji limamin coci, baki cike da nama.

Tamsin ta sa yatsu ta tsamo ƙwaya ɗaya, ta tsotse, ta goge a gefen rigarta, ta ajiye gabansa.

"Ga hayar bana."

Zauren ya kece da shewa, ni har da buga tebur. Fuskar Piers ta yi jawur. Ita ko ta ci gaba da tsamowa tana ƙullewa a bakin ɗankwalinta.

"Me kuma kike yi?" ya daka mata tsawa.

"Na baɗi ne, ɗana," ta ce, "da na baɗin baɗaɗa."