Tankar Madina Mai Baki Huɗu

Alhaji Dogara dattijo ne da furfurarsa, amma ranar Lahadi in ka leƙa ɗakinsa a titin Huanshi na birnin Guangzhou, sai ka tarar da shi a durƙushe da matsefata a hannu, yana liƙa 'yan tankokin yaƙi na roba da ba su fi tafin hannu ba. Ba kowace tanka ba kuwa, sai irin ta Jamusawa ta yaƙin duniya na biyu, wadda ake kakkaɓo jirage da ita. Gutsi-gutsi yake sayo su a kwali, ya haɗa, ya shafa fenti, ya jera a taga. Ta gaban goshinsa ita ce mai bakin bindiga huɗu, wadda ya yi ta sintiri a kanta mai shago yana ce masa "meyo", wato babu, kafin ya dace.

Kewa ce ta koya masa wannan aikin banza. Ya zo Guangzhou sarin tufafi a kasuwar Baima, zama ya miƙe. Autarsa Madina tana rarrafe ya baro Kano, yanzu har ta shiga makaranta. Duk sanda ya buga waya matarsa Hasiya ta ce, "Zo ga Babanki," sai ya ji ƙarar silifas ɗinta tana gudu. Abin yana masa ciwo ƙwarai.

Abokin ɗakinsa Karim, ɗan zangon Kumasi, ɗaurin kaya ne aikinsa, kuma ya tsani ya ga rami a kwali. Ko cikin takalmi sai ya cusa safa. Rannan Alhaji ya tafi masana'anta, Karim yana ɗaure tsarabar gida da wani ɗan kasuwa zai kai Kano a jirgi, sai ya ga fili ya rage. Ya ɗaga kai, ga tankoki jere a taga, ya kwashe su ya cusa.

"Maigida, ai na ɗauka na yara ne," in ji shi da Alhaji ya dawo ya ga wayam. "Babban mutum da gemu zai yi wasa da mota?"

Alhaji ya juya masa baya. Ya daina cin abinci tare da shi, ya riƙa kwana fuskarsa na kallon bango kamar amaryar da aka ɓata wa rai. Da ya tabbata kaya sun isa, ya garzaya shagon waya don ya ce wa Hasiya ta ɗora su saman kabad.

Dariya Hasiya ta yi. "Ka makara, Alhaji. Sauran duk sun zama tarkace. Mai baki huɗun ce ta tsira, ita ma baki ɗaya ya karye, an liƙe da ƙaro. Da ita 'yarka take kwana."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ji ana kokawa da wayar, sannan wata 'yar murya.

"Baba, wai kai ka haɗa ta?"

"Ni ne, uwata."

"To me ya sa take kallon sama?"

Ta yaya zai gaya wa yarinya aikin wannan abu? Ya yi gyaran murya. "Jirgi take nema."

"Wanda za ka zo a ciki?"

Alhaji ya dafe bangon shagon. "Shi fa."

"To zan ɗora ta a katanga ta riƙa duba mini."

Da ya koma ɗaki, Karim yana zaune kan kwali yana ɗaure shi. Alhaji ya ajiye masa shinkafa da naman rago, sannan ya zaro sabon kwalin tanka daga hammata.

"In na haɗa wannan, akwai fili a kayan Kano?"

"Meyo," in ji Karim, yana wanke hannu. "Amma sai na cire safa."