Takardar Wutar Gidan Glenys

Sati shida ke nan Wilf Ackroyd yana kwance a asibiti, huhunsa ya gaji, kuma duk ranar da matarsa Glenys ta je dubiya maganarsa ɗaya ce: a mai da shi gida. Likitoci ba su ƙi ba. Sun ce zai koma, amma da injin iskar numfashi, shi kuwa injin nan ba ya son a ɗauke masa wuta. Nas ɗin da ta zo duba gidan nasu na haya a garin Halifax ta tarar da abin da Glenys ta daɗe da sabawa da shi: ka kunna butar shayi alhali hita tana aiki, sai ɗif, wutar gidan duka ta tafi. Ta sunkuya kan soket ɗin falo, ta ji ƙauri. Nan take ta ce ba za ta sa hannu a sallami Wilf ba sai ta ga takardar binciken wutar gidan, wadda doka ta ɗora wa mai gidan haya ya ba ɗan haya. In ba a samu ba kafin ƙarshen wata, gidan kula da tsofaffi za a kai Wilf.

Glenys ta rubuta wa ofishin dillalan haya wasiƙa. Ta sake rubutawa, har sau uku. Shiru kake ji. Hankalinta ya tashi, abinci ma ya daina shiga, amma ko ƙorafi ba ta yi wa kowa ba, don ita irin matan nan ce da in ka taka musu ƙafa a layin bas su za su ba ka haƙuri.

Ranar Talata ƙanwar Wilf, Beryl, ta zo. Ita kuma shekara talatin ta yi tana tuƙa bas, bakinta ba ya da birki. Ta ce a nuna mata kwafin wasiƙun. Ta sa tabarau, ta fara karantawa da ƙarfi.

"'Ku yi haƙuri da damun ku da na yi. Na san aiki ya yi muku yawa. In ba takura, kuma in kun samu sarari, ba wani abin gaggawa ba ne.'" Ta sauke takardar. "Yaya Glenys, wannan wasiƙa ce ko gaisuwar Kirsimeti? Ina zancen Wilf a ciki?"

"Ciwon mijina ba abin tallatawa ba ne a ofishin mutane."

"To ai kuwa ke da hannunki kika ce musu su ajiye ki a ƙasan tuli. Ɗauko kwat ɗinki."

Sai da Glenys ta cika gwangwani da biskit ɗin da ta gasa, wai ba a zuwa wurin mutane hannu rabbana. Beryl ta harari gwangwanin, ta ƙyale.

A ofis suka sami wani magidanci mai suna Callum, fara'a har kunne, waya a kafaɗa. Ya ce su zauna, ya karɓi biskit, ya yi godiya. Da ya ji abin da ya kawo su ya ce, "Ai Madam, mun ga saƙonki. Za mu tuntuɓi mai gidan, in ya amsa za mu neme ki."

Glenys ta juya ta dubi Beryl, don ta san yanzu za a ji ruwan masifa. Beryl kuwa ta harɗe hannu, ta zuba wa silin ido, ta yi gum. Muguwa! Da gangan ta yi. Glenys ta ji bakinta ya fara haɗa kalaman ban-haƙurin da ya saba haɗawa, har ta ɗauki jaka za ta miƙe. Sai ta tuna yadda Wilf ya riƙe mata hannun riga jiya, ya ce a hankali kada ta bari a kai shi wurin da bai san kowa ba. Ta koma ta zauna.

"Ɗana, saurara," in ji ta. "Mijina yana asibiti. Likita ya ce abin da ya rage masa ba yawa, kuma a ɗakinsa yake so ya yi shi. Takardar nan ce kaɗai ta tsare shi. Haƙƙina ce, tun tuni ya kamata a ba ni, kuma ba zan tashi daga kujerar nan ba sai da ita."

Callum ya ajiye biskit ɗin. Kunya ta kama shi sosai. Ya danna kwamfuta, kafin shayin da aka zuba musu ya huce takarda ta fito. Ashe tana nan shekara biyu. Beryl ta karɓa ta bi ta da yatsa, ta tsaya a shafi na biyu. Mai binciken ya rubuta ƙarara cewa wayoyin falo da akwatin wuta suna da hatsari, a gyara cikin kwana ashirin da takwas. Ba wanda ya gyara, ba wanda ya faɗa musu.

Glenys ta ji tsoro, sannan ta ji haushi irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta ce, "Ina son mai gyaran wuta a gidana kafin Juma'a, da sabuwar takarda. In ba haka ba, daga nan ofishin ƙaramar hukuma zan wuce."

A waje Beryl ta ce, "Ashe kina da haƙora."

"Rufe min baki, mu je gida."

Ran Alhamis mai gyara ya zo, ya yini yana zaro tsofaffin wayoyi, wasu sun yi baƙi ƙirin. Ran Litinin nas ta karanta sabuwar takarda, ta sa hannu.

Da hantsin Laraba motar asibiti ta tsaya a ƙofa. Aka shigo da Wilf a keken marasa lafiya, ya rame, rigar sanyinsa ta yi masa yawa. Aka jona injin, ya kama aiki. Wilf ya daɗe yana kallon falon, bango bayan bango. Glenys ta tsaya da bargo a hannu, ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi.

"Tsohuwa," ya ce, "kin san abin da ya fi damuna a can? Sati bakwai ba wanda ya yi min faɗa."

"To ɗauke min ƙafafun nan daga hanya, tsoho, mutum ya samu wurin wucewa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ta lulluɓa masa bargon, ta jawo kujera kusa da shi, ta zauna riƙe da hannunsa.