Irin Tabawa

Fadamar ƙauyen su Badaru, yamma da Tsarnawa, kamar ƙwarya take, ruwa in ya shiga fita sai dabara. Kakanni sun haƙa magudana a gefe, ana yashe ta da gayya kafin kowace damina. In ruwa ya fi ƙarfinta, sai a fasa ganuwar ƙasa da ke bakin gonar Badaru, ruwan ya bi ta kan shukarsa ya faɗa gulbin Majiya. Al'ada ta ce mai gona ne ke fasawa da hannunsa, da kaka kuma kowane gida ya kawo masa dami.

Da fari ya daɗe, wa ke ta magudana? In an yi maganar yasa sai matasa su yi dariya, wai a yashe wa wane ruwa. Yashi ya cike ta ƙaf.

A shekarar yunwa, 1973, mutane sun ci irin shukarsu, sun koma ganye. Amma Tabawa, matar Badaru, ta hana a taɓa wata gora da ta rataye a ɗaka. Farar dawa ce a ciki, cakuɗe da toka saboda ƙwari, irin da ta taho da shi daga gidan uwarta a Illela ranar aurenta. Ko Badaru da ya kai hannu wata rana, sai da ya sha harara. Tsohuwa mai taurin kai, ta rame har zane ya daina zama mata, gora kuwa ba ta ragu da ƙwaya ba. Da shekara ta zagayo ta rasu da bazara, saura wata guda ruwa ya sauka.

Badaru ya shuka irin, rami bayan rami, yana ƙoƙarin haɗiye kuka. Dawa ta tashi kore shar. Ta fara ciki ke nan, sai sama ta buɗe a watan Agusta, kwana biyu ba ɗaukewa. Fadama ta cika har ƙugu, magudana kuwa ta toshe.

Da hantsi Namadi mai gari ya iske shi a kan ganuwa.

"Baba Badaru, ka ga abin da anka samu. In ruwan ga ya ƙara kwana, dawar mutane ta ruɓe."

"Wanga iri na Tabawa na, Namadi. Shi ɗai tab bar mani."

"Na sani, wallahi. Da ni anka ɗauki makaratta."

"Ku ba ni kwana biyu, ƙila shi janye."

Namadi ya sunkuyar da kai. Ba mai ikon tilasta wa mai gona. Badaru ya waiwaya, ya ga matan gari tsaye a kan tudu, ramammu, rabinsu sun binne 'ya'ya bara. Ba wadda ta roƙe shi, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Ya karɓi galma, ya yi bisimilla. Sara na huɗu ƙasa ta buɗe, jan ruwa ya kwararo ya kwantar da dawar layi-layi. Kafin azahar gonar ta zama laka da yashi, fadama kuwa ta tsane.

Da kaka mutane sun cika alkawari, ba gidan da ya noƙe. Jakuna suka yi ta sauke dammuna har rumbu ya cika, abin da bai taɓa gani ba tun yana saurayi. Badaru ya yi godiya, sannan ya zauna yana kwance su ɗaya bayan ɗaya, yana murza zangarniya a tafin hannu. Duk jar dawa ce, irin da aka raba wa mutane a buro, wato ofishin gwamnati, a Konni. Babu farar dawa ko ƙwaya ɗaya.

Namadi ya ce, "Baba, kawo gorar in zuba maka irin baɗi."

Badaru ya girgiza kai. Gorar ta ci gaba da zama a ratayenta, ba komai a ciki sai toka.